Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Allon Kan Shafi

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a inda sana'ata ta tashi daga zanen allunan shaguna da katin biki ta koma tsara wa ƴan kasuwar Maradi shafukan sayar da kaya a intanet. Abin da ya biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san gardamar da ta fi kowace yawa a wannan aiki, don haka yau zan ajiye labarina gefe in shimfiɗa maganar kanta: babban hoton nan da ake ɗorawa a saman shafi, wato allo, mai sunan shago da tambari da ado, ciniki yake jawowa ko korar sa yake yi?

Buƙatar mai shago kusan ɗaya ce kullum. "Yaro, a sa mini sunan da girma, a zuba ruwan zinariya, duk wanda ya buɗe ya san ba ƙaramin wuri ya shigo ba." Mai zanen da ya san aikinsa sai ya ce, "Za a sa, Alhaji, amma bari mu duba shi a salula tukuna." Dalili kuwa, a faffaɗar fuskar kwamfuta ake zana allon, mai saye kuma a ƴar wayarsa zai gan shi.

Mu fara da awo. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a nan, su Tecno da Itel da Infinix, suna nuna shafi a faɗin fiksal 360 ko kusa da haka (fiksal shi ne ɗan ɗigon da ake awon hoto da fuskar waya da shi). Tsawon da ke saura bayan an cire sandar adireshi da maɓallan ƙasa bai cika wuce 600 zuwa 650 ba. Allon da aka zana 1200 a faɗi, 800 a tsawo, zai zauna a wayar 360 da 240. In murabba'i ne, 360 zai ci, fiye da rabin abin da ido ke gani. A ƙara layin tambari da jerin sassan shafi, sai a tarar sunan kaya da farashi da maɓallin magana da mai shago duk sun gangara ƙasa, sai an ja shafin kafin a gan su. Kamar mai tebur ne a babbar kasuwa ya cika teburinsa da allon suna, ya tura hajar ƙarƙashi.

Sai nauyi, wanda shi ne ya fi ɓarna. Hoton da aka fitar daga manhajar zane irin Canva ko Photoshop a tsarin ajiyar hoto na PNG ba tare da an matse shi ba yakan kai megabait 2. Megabait 2 daidai yake da megabit 16, wanda da shi ake awon gudun rezo. Idan rezo na tafiya da megabit 1 a sakan, abin da ba baƙo ba ne da yamma ko a ƙauyukan wajen Madarunfa da Gidan Rumji, sakan 16 ke nan mutum na kallon farin fili. Hoto ɗin nan in aka mayar da shi kilobait 100, bai cika sakan ɗaya ba ya sauka. A 2016 Google ya fitar da cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. Mutanenmu sun saba da jinkirin rezo, za su iya ɗan ƙara haƙuri, amma wanda ya sayi forfe na dala ashirin yana lissafin kowane mega, kuma ba zai ƙone shi a kan sunan shagon wani ba. Ma'aunin da Google ke amfani da shi tun 2020 shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin sakan 2.5. A shafin da ke da allo, wannan babban abu shi ne allon.

Ko ya buɗe ma, ba lallai a kalle shi ba. A 1998 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Rice ta Amurka, Jan Benway da David Lane, sun nuna cewa masu neman abu a shafi suna tsallake duk wani dogon hoto mai launi da ya yi kama da talla, ko da abin da suke nema yana cikinsa. Ido ya riga ya koyi cewa a irin wurin nan talla ke zama. Saboda haka mai rubuta rangwamensa a cikin allo mai walƙiya ya ajiye shi ne a inda aka fi tsallakewa. Allon da ke juyawa da kansa, hoto huɗu ko biyar suna bin juna, ya fi muni: nauyinsa ninki huɗu ne, kuma kafin mai karatu a hankali ya gama layi ɗaya hoton ya wuce.

Rubutu a cikin hoto matsala ce mai zaman kanta, kuma a nan Maradi ta fi cizo. Harafin da aka zana da girman fiksal 24 a allo mai faɗin 1200 yana komawa 7 a waya, ba mai karanta shi sai ya buɗa da yatsu. Yawancin haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai su fito da akwati ko da wani salo daban a tsakiyar kalma. Ba a iya kwafar lambar waya daga hoto, ba a iya danna ta, Google ma ba da rubutun cikin hoto yake jera shafi ba. Mai amfani da Opera Mini da ya kashe hotuna don tsimin mega ba zai ga komai ba. Ga kuma farashi. Mai saro atamfa da shadda daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa farashinsa na bin canjin naira da sefa. In jaka goma sha biyu na cikin hoto, duk ranar da canji ya motsa sai an nemo mai zane, in bai samu ba tsohon farashi ya zauna, mai saye ya zo da shi, a yi ta musu. Farashi rubutu ne na shafi, wanda mai shago zai gyara da kansa cikin minti ɗaya.

Kada wannan ya sa a ce hoto a sama bai da amfani. Masu cewa a cire duk hoto a bar kanun magana kaɗai daga wata kasuwa suka ɗauko hukuncinsu, ta masu sayar da darasi da littattafan intanet da doguwar wasiƙa, inda kalma ce hajar. Mai sayar da takalmin fatar jar akuya, ko kilishi, ko turaren wuta, ko aya, hajarsa gani ake. Cikin masu sayensa akwai wanda bokonsa kaɗan ne, akwai mai ajami, akwai mai Faransanci, hoto kuwa duk suna karanta shi. Abin da ke taimako shi ne hoton kayan da kansu, wanda mai shago ya ɗauka, da hannu ko wani abu a gefe da zai nuna girmansu. Hoton da aka kwaso a intanet mutane na gane shi, kuma zargin damfara yake jawowa. Sannan ya zama hoton da mutum ya gani a tallan Facebook ko a WhatsApp shi zai tarar in ya danna. Wanda ya biyo shuɗiyar shadda ya iske tambarin zinariya zai ɗauka ya ɓata hanya.

Tsarin da na fi yarda da shi ga shafin kaya ɗaya shi ne wannan. Siririn layi a sama, kada ya wuce fiksal 50 zuwa 60, da tambari ƙarami da sunan shago da unguwa, misali Sabon Gari ko Ali Ɗan Sofo, don sanin wurin mutum na kwantar da hankali. Ƙarƙashinsa sunan kaya da farashi a rubuce. Sai hoton kaya, tsawonsa a waya kada ya haura 250. Sai maɓallin WhatsApp, adireshin wa.me da 227, lambar ƙasar Nijar, da lambobi takwas na wayar mai shago, a wurin da za a gan shi ba tare da an ja shafi ba. Yadda ake biya, ko ta Nita ko Amana ko Airtel Money, da yadda kaya ke zuwa, ko ɗan kabu-kabu a cikin gari ko mota zuwa Tasawa da Dakoro, su biyo nan take.

Shi hoton, faɗin fiksal 800 ya ishi waya. A fitar da shi a tsarin JPEG ko WebP, a matse shi da shafukan matse hoto irin Squoosh ko TinyPNG har ya sauko ƙasa da kilobait 100. A rubuta faɗinsa da tsawonsa a cikin ginin shafin, in ba haka ba rubutu zai fara fitowa, hoto ya sauko daga baya ya ture shi, yatsan mai saye ya faɗa kan abin da bai nufa ba. Dabarar jinkirta saukar hotuna sai an gangaro gare su tana da kyau ga na ƙasa, amma kada a sa wa na sama. A ɗauki hoton yadi a inuwa da hantsi. Ƙwan lantarki na sauya launi, kayan da launinsu ya saɓa wa hoto kuwa dawo da su ake.

Saura gwaji, inda da yawa ke ruɗin kansu. Mutum ya cire allo ranar Litinin, ya yi ciniki uku ranar Talata, ya ce an gano. Ba a gano komai ba. In mutum 2 cikin 100 ke saye, kana son tabbatar da cewa sabon tsari ya kai su 3, lissafi na neman baƙi wajen 3,800 a kowane ɓangare, wato tsohon shafi da sabo. Shafin da ke samun mutum 100 a rana zai kwashe wata biyu da rabi kafin ya tara su. Kuma tilas shafukan biyu su yi aiki lokaci guda, a raba musu talla daidai, domin makon jajibirin salla da makon bayanta ba ɗaya ba ne, haka ƙarshen wata da tsakiyarsa, haka kaka da bazara. Don a san wane shafi ya kawo wa, a sa wa maɓallin kowanne gaisuwarsa ta daban da za ta fito a saƙon WhatsApp. A ƙirga waɗanda suka biya, ban da masu "nawa ne" su ɓace. Wanda baƙinsa ba su kai haka ba ya bar gwajin, ya sa adireshinsa a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewa, ya ga sakan nawa yake ci, sannan ya miƙa wa wani dattijo ƙaramar Itel a bakin shago ya ce ya nemo farashi, ya tsaya yana kallon inda yatsansa ke zuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga lokacin da ƴan kasuwa suka fara tura saƙon murya a madadin rubutu.