Asabar: ɗakin soro ya zama wurin aiki

Yau da hantsi na gama kwashe tarkacen da suka daɗe jibge a ƙaramin ɗakin da ke jikin soron gidanmu, domin a nan na yanke shawarar kafa wurin da zan riƙa taɓa aikin kafinta idan na taso daga ofis. Ba sana'a nake nufi ba, sha'awa ce kawai, shi ya sa ban ga dalilin zuba kuɗi a sabon kaya ba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne teburin aiki. Samansa tsohon ƙyauren madaci ne da na saya a hannun 'yan jari bola, waɗanda suka samo shi daga wani gida da aka rushe a cikin gari. Da na goge shi da samfefa, sai jan launin madacin ya fito daga ƙarƙashin fentin da aka yi ta maimaita masa. Yayana, da ya leƙo ya tarar da ni cikin ƙura, ya ce da na je kasuwar 'Yan Katako a Na'ibawa, nan Kano, da na huta. Na ce masa, “Yaya, sabon katako bai gama shan iska ba.” Itacen da bai bushe sosai ba yana ci gaba da fitar da ruwan jikinsa, kuma da zarar hunturu ya kama sai ya tsage ko ya karkace, alhali wannan ƙyaure ya ga hunturu da damina masu yawa, yawancin motsin da zai yi ya riga ya yi. Katakon zamani kuwa, wanda ake matse garin itace da gam, ban ma saka shi a lissafi ba, tunda laima kaɗan ke kumbura shi, ƙusa kuma ba ta zama a jikinsa sau biyu.

Ƙafafun teburin ƙarafunan tsofaffin kekunan ɗinki ne guda biyu, ɗaya na mahaifiyarmu, ɗaya na samo a kasuwar Ƙofar Ruwa. Nauyinsu ne ya ja hankalina, domin teburin da ke rawa idan ana yanka da zarto ba shi da amfani. Sai dai an ƙera su ne don mai aiki a zaune, saboda haka na ɗora musu guntayen katako masu kauri har tsayin ya kai wajen santimita 85, daidai wuyan hannuna idan na tsaya.

Bayan la'asar na shigo da wata tsohuwar kabad ta ofis wadda bayanta ya ruɓe amma durowoyinta lafiya ƙalau, na raba musu ƙusoshi da notuna da filaya. Guduma da zarto na rataye su a bango. Saboda gara, na shafa wa gindin kabad ɗin baƙin mai, na ɗora ta a kan bulo, na kuma janye ta daga jikin bango, ko da yake uwargida ta ce warin ya kai har kicin.

Saura haske. Tagar ɗakin ƙarama ce, wuta kuma ba abin dogaro ba ce, don haka gobe in Allah ya kai mu zan matsar da teburin ƙarƙashin tagar, sannan in nemi fitila mai caji da hasken rana.