Saƙon godiya bayan nasarar da muka samu da maki ɗaya

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina miƙa godiyata ga duk wanda ya taimaka wa ɗalibanmu har suka yi nasara ranar Asabar a gasar kacici-kacici ta harshen Turanci tsakanin makarantun sakandaren shiyyarmu, nasarar da ta zo da ƙyar da jiɓin goshi, domin maki ɗaya tak ya raba mu da abokan karawarmu.

Har zuwa tambayar ƙarshe kunnen doki ake yi. Sai alƙalin gasa ya karanto salon maganar nan na Turawa, "by a nose", ya nemi ma'anarsa da asalinsa. Ɗalibarmu ta miƙe, takardar hannunta tana rawa, ta bayyana cewa ana faɗin haka idan an yi nasara da ɗan ƙanƙanin rinjaye, kuma daga filin sukuwa maganar ta fito, inda dawaki biyu kan iso tare har sai an ce wannan ya riga wancan da tsinin hanci.

Saboda haka godiyata ta musamman tana ga malaminsu na Turanci, wanda bai yarda da haddar ma'ana kawai ba. Shi ne ya ba su labarin sukuwar Grand National ta shekarar 2012 a filin Aintree kusa da Liverpool a Ingila, inda bayan gudun fiye da mil 4 da tsallake shinge 30, sai da aka duba hoto kafin a tabbatar cewa dokin da ake kira Neptune Collonges ya riga Sunnyhillboy da hanci. Malam, a ganina wannan labarin ne ya zauna a zuciyar yarinyar lokacin da tsoro ya nemi kore mata komai. Allah ya saka maka da alheri.

Ina gode wa shugaban makaranta da ya ba mu mota, da Baba direba da ya iso tun bayan sallar asuba, da iyayen da suka bar 'ya'yansu suna zama bita har la'asar.

Abokan karawarmu kuma sun zo har wurin zamanmu sun taya mu murna, alhali wasunsu idanunsu cike da ƙwalla. Wannan karamci ya taɓa ni ƙwarai, kuma ina roƙon Allah ya yi wa karatunsu albarka tare da na yaranmu.