Manhajar da Ke Mayar da Mutane Bakin Ƙofa

Kamfaninmu ƙarami ne, mu huɗu ne kacal, kuma sana'armu ita ce gina manhajojin intanet ga 'yan kasuwa da ƙungiyoyi, sannan mu ci gaba da kula da su bayan an ɗora su a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da su a intanet. A cikin koke-koken da ke zuwa mana babu wanda ya fi cin rai kamar wannan: mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa daidai, ya danna maɓallin shiga, sai ya tarar an dawo da shi shafin da ya baro, ba tare da saƙon kuskure ko wani bayani ba. Mai manhajar yakan ɗauka kalmomin sirri ne suka lalace, sabon ma'aikaci kuma yakan garzaya ya fara tone shirin da ke tantance masu shiga, alhali kuwa a mafi yawan lokuta shirin nan lafiyarsa ƙalau.

Dalilin yana cikin yadda aka gina intanet tun asali. Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da sabar ke magana da ita, ba ta riƙe kowa a rai, domin duk buƙatar da burauza ta aika, sabar tana karɓarta ne kamar daga baƙon da ba ta taɓa gani ba. Saboda haka idan mutum ya shiga, sabar takan ba burauzarsa wata 'yar shaida da ake kira kuki, burauzar kuma ta riƙa nuna ta a kowace buƙata. Duk lokacin da shaidar ba ta iso ba, ko ta iso amma sabar ta kasa gane ta, amsar yawanci ɗaya ce: lamba 302, wadda ke umartar burauza ta koma wani shafi, tare da adireshin shafin shiga. Tambayar da na koya wa ma'aikatana su fara yi ita ce a ina kukin ya ɓace, a wajen bayarwa, ko a wajen ajiyewa, ko a wajen dawowa da shi.

Wannan darasi na same shi ne da wahala, a kan wata manhajar karɓar odar kaya da muka gina da Express, wani kayan gina manhajojin intanet. A kan kwamfutocinmu komai yana tafiya sumul, amma ranar da muka ɗora ta a kan sabar ta gaskiya ba wanda ya iya wuce shafin farko. Na kwashe rabin yini ina zargin rumbun bayanai, har na sake ƙirƙirar asusun gwaji sau uku, kafin abokin aikina ya ce in buɗe kayan bincike na burauza in duba sashen zirga-zirgar buƙatu. Can muka ga abin a fili. Buƙatar shiga ta tafi, sabar ta amsa da 302 zuwa babban shafi, wato ta yarda da kalmar sirrin, amma a cikin amsar babu layin Set-Cookie, wanda da shi sabar ke bayar da kuki, ko kaɗan. Babban shafin ya nemi shaida bai samu ba, sai shi ma ya mayar da 302 zuwa shafin shiga. Duk wannan kai-komo yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, shi ya sa mai amfani yake ganin kamar shafin bai motsa ba.

Laifin namu ne. Mun sa wa kukin alamar Secure, wadda ke hana aika shi sai ta hanyar HTTPS mai kariya, kuma hakan daidai ne. Sai dai a gaban manhajar akwai wani shiri mai suna Nginx, shi ke karɓar baƙi ta HTTPS sannan ya miƙa buƙatunsu ciki ta HTTP zalla. Manhajar, da yake ba ta ga komai ba sai abin da aka miƙa mata, ta ɗauka hanyar ba ta da kariya, ta ƙi sakin kukin. Maganin layi biyu ne: a sa Nginx ya riƙa aika X-Forwarded-Proto, layin da ke shaida cewa baƙon ta HTTPS ya zo, a kuma gaya wa Express ta amince da maganar mai tsaron ƙofarta ta hanyar saitin trust proxy. Irin wannan rashin fahimta ne kuma ke haifar da zagaye marar iyaka idan manhaja tana tilasta komawa HTTPS, har Chrome ya gaji bayan juyi 20 ya nuna ERR_TOO_MANY_REDIRECTS, wato juyin ya yi yawa. Ni kam na fi son wannan, domin aƙalla yana fitowa fili ya faɗi sunansa.

Wanda ya fi wahalar da mu shi ne mai zuwa jefi-jefi. Da masu amfani da wata manhaja suka ƙaru, mun ƙara sabar ta biyu tare da na'urar da ke raba musu aiki, muka manta cewa kowace sabar a cikin ƙwaƙwalwarta take ajiye jerin waɗanda suka shiga. Mutum zai shiga ta sabar farko, ya danna wani abu, buƙatar ta faɗa hannun ta biyu wadda ba ta san da zamansa ba, sai ta kore shi. Wata ma'aikaciyar abokin cinikinmu ta ce mini a waya, "Ranka ya daɗe, ina cikin cika takarda sai ta fitar da ni, in na sake shiga kuma ta bar ni." Maganarta ce ta sa na jera rajistar ayyukan sabar biyun gefe da gefe, na ga buƙatun mutum ɗaya suna rabuwa tsakaninsu. Mun mayar da ajiyar zuwa Redis, wani rumbun bayanai na daban, inda duk su biyun ke dubawa, muka kuma tabbatar mabuɗin sirrin da ake sa wa kuki hannu da shi iri ɗaya ne a ko'ina, domin idan ya bambanta ko yana sauyawa duk lokacin da aka sake kunna manhaja, sakamakon ɗaya ne.

Sauran musabbabai ba sa ɗaukar lokaci idan an san su. Kukin da aka bayar a adireshi mai www ba ya bin mutum zuwa adireshi marar www, sai an daidaita saitin Domain ko an tsayar da adireshi guda. Tun daga Chrome 80, a shekarar 2020, kukin da ba a bayyana masa saitin SameSite ba ana ɗaukarsa a matsayin Lax, wato ba ya bin yawancin buƙatun da suka taso daga wani shafi na waje, don haka shafin biyan kuɗi na waje da ke dawo da mutum ta hanyar POST, irin buƙatar da ake aika bayanan fom da ita, yana iya dawo da shi ba shaida. Agogon sabar da ya kauce kuma yana sa a ƙi shaidar JWT, wata irin shaida mai ɗauke da lokacin ƙarewarta, tun tana sabuwa.

Yanzu kafin mu miƙa kowace manhaja, ɗayanmu yakan shiga ta ainihin adireshinta da sabuwar tagar burauza wadda ba ta ajiye komai ba, ya bi kukin da idonsa daga Set-Cookie zuwa buƙata ta gaba, sannan ya sake kunna sabar ya ga ko har yanzu tana tune da shi. A lokacin gwaji kuma mun daina amfani da 301, lambar juyi na dindindin, domin burauza tana haddace shi ta ci gaba da juya mutum ko bayan an gyara kuskuren, abin da ya taɓa sa na ɓata awa guda ina neman matsalar da na riga na magance.