Carbi da mafici a ajinmu

Ranar Laraba muke aikin hannu. Ɗalibaina yara ne masu jinkirin fahimta, wasu da lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita, wasu kuma tun wajen haihuwa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ba masu naƙasa damar karatu kyauta har sakandare, kuma na yi murna da ita. Amma yawancin yarana ba za su zauna jarrabawar WAEC ba. Abin da hannunsu ya iya shi ne za su koma gida da shi.

Da carbi muke farawa. Masu lalurar Down jikinsu da laushi, yatsunsu gajeru ne, don haka manyan 'ya'yan katako masu faɗin rami nake saya, zaren kuwa igiyar takalmi, saboda bakinta a sandare yake. Wahalar tana wajen ƙirga 33. Sai na kawo kiret ɗin ƙwai mai rami 30, kowane rami a sa ɗa ɗaya, uku kuma a murfin kwalba. Yaron da bai iya wuce biyar a ƙirge ba sai ga shi ya haɗa carbi cikakke ba tare da na sa baki ba. Wata yarinya har korata take idan na matso, tana cewa, "Malama, bari, ni zan yi."

Mafici na kaba ya fi wuya. Nakan saƙa shi har kusan ƙarshe, in bar wa yaro layi ɗaya ya ƙarasa. Wani makon in bar biyu. Kullum a hannunsa aikin ke kammala, shi ya sa ba ya yin zuciya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu zuwa ranar baje koli su miƙa kuɗi su ce a bar kayan, sadaka ce. Don Allah ku karɓi carbin, ku duba shi, in ya yi tsada ku taya. Iyaye kuma ku daina warware aikin da dare kuna gyarawa. Wallahi yaran suna ganewa.

Zango mai zuwa sabulun ruwa za mu gwada. Haɗin sinadaran ni zan yi shi nesa da yaran, domin soda tana ƙona fata. Su za su ɗura a robobi, su rufe, su manna takarda.