Yadda muka ɗaura aure a cocin Katolika ba tare da Mas ba

Ni ɗan Katolika ne tun daga kakanni. Matata kuwa a cocin Baftis ta tashi, can aka yi mata baftisma, kuma mahaifinta na cikin dattawan da ake ji da su a cocinsu. Kawunanta na wajen uwa Musulmi ne. Da maganar aure ta kankama, kowane ɓangare ya zo da abin da ya ce wajibi ne, sai daga baya muka gane cewa yawancin waɗannan wajiban sabo ne kawai. Abin da Cocin Katolika ke nema kafin ta kira aure aure bai taka kara ya karya ba: yardar ango da amarya, a furta ta a gaban Fada (limamin Katolika) ko dikin (mataimakinsa), da shaidu biyu. Shaidun ma ba dole su zama 'yan Katolika ba, shi ya sa yayar amarya ta tsaya mata.

Tun kafin mu tsayar da rana muka je wurin Fada, domin a dayosis da yawa, wato yankunan da ke ƙarƙashin Bishop, ana so a ba da kusan wata shida na shiri. Ya nemi sabuwar takardar baftismata daga farish ɗin, wato cocin, da aka yi mini, ba tsohuwar da ke cikin akwatin Mama ba, saboda sabuwar ce ke nuna ko na taɓa aure a coci. Ita ma ta kawo tata. Daga nan ya bayyana mana cewa aure tsakanin ɗan Katolika da Kirista mai baftisma na wata ɗarika yana bukatar izinin Bishop, bisa doka ta 1124 a kundin dokokin Coci na 1983. Da a ce ba ta da baftisma, da doka ta 1086 ce za ta hau kanmu, wadda ta ce auren ba ya ɗauruwa sam sai Bishop ya ɗage hanin. Fada ne ya cike takardun ya aika, mu namu amsa tambayoyi ne.

Inda hankalin surukina ya tashi shi ne batun 'ya'ya. Ya ji an ce za a sa 'yarsa ta rattaba hannu cewa duk abin da ta haifa na Katolika ne. A da haka ne, kundin 1917 ya ɗora wannan alkawari a kan su biyun. Amma tun 1970 Fafaroma Paul na Shida ya sauya tsarin. Yanzu ni ne kaɗai na yi alkawarin riƙe bangaskiyata da yin iyakar ƙoƙarina a yi wa 'ya'yanmu baftisma su tashi a Katolika. Ita ana sanar da ita ne kawai, don ta san abin da na ɗauka. Na ce masa, "Baba, ba wanda zai sa ta sa hannu a kan 'ya'ya, ni aka ɗora wa." Ya yi shiru ya ce to ai ƙoƙarin nawa a gidan 'yarsa zan yi shi. Gaskiyarsa ce. Takardar ba ta raba gardamar ba, ni da ita muka zauna muka yi ta tattaunawa har muka cimma abin da kowa zai iya ɗauka, kuma ina ganin duk wanda ya bar wannan magana sai bayan haihuwa ya ɗaure wa kansa dutse.

Babbar shawarar ita ce ta Mas, wato babbar sujadar Katolika wadda a cikinta ake karɓar Komuniyan, Jibin Ubangiji. Littafin ɗaurin aure na Katolika yana da tsari uku: aure a cikin Mas, aure ba tare da Mas ba, da kuma na ɗan Katolika da wanda ba a yi masa baftisma ba. Ga irinmu, na biyun ne aka saba bi, na farkon sai da yardar Bishop. Mama ba ta so jin haka ba. A ganinta auren da ba a karɓi Komuniyan ba rabin aure ne, kuma duk 'ya'yanta a cikin Mas aka aurar da su. Fada ne ya taimake ni, ya ce mata, "Mama, ki duba yadda abin zai kasance. Ɗanki ya tashi ya karɓa, amaryarsa na zaune, tun da ita ba 'yar Katolika ba ce. Danginku sun yi layi, nata suna kallo." Ya ƙara mata da cewa tun da mu biyun muna da baftisma, aurenmu sakramen ne cikakke, wato aure mai tsarki a idon Coci, da Mas ko babu, domin ango da amarya ne ke ba juna shi ta wurin yardarsu. Ba a ranar ta sauko ba. Abin da ya kwantar mata da rai shi ne da muka nemi a yi mana Mas na godiya ranar Lahadin da ta biyo baya, ta gayyato duk ƙawayenta na zumuntar mata.

Ni dai har yanzu ina ganin barin Mas ɗin ne ya gyara ranar. Ba wanda aka ce masa ya zauna yayin da wasu suka tashi.

Surukina ya so faston cocinsu ya ɗaura tare da Fada, ko kuma a sake wani ɗaurin a cocinsu da yamma. Duka biyun doka ta 1127 ta hana: ba a karɓar alkawari sau biyu, ba kuma a haɗa limamai biyu kowa na tambaya da tsarinsa. Akwai wata ƙofa, wato a roƙi Bishop ya yarda a ɗaura a cocin amarya gaba ɗaya idan akwai dalili mai ƙarfi, amma ba mu bi ta nan ba. Abin da aka yarda da shi, da izini, shi ne faston ya zo cikin shigarsa, ya yi gajeren gargaɗi, ya sa mana albarka. Haka aka yi, Fada ya karɓi alkawari, fasto ya yi addu'a, kuma dangin amarya sun ji muryar da suka sani.

Karatu ma sai da muka zauna a kansa. Na so addu'ar Tobiya da Saratu a littafin Tobit, amma littafin ba ya cikin Littafi Mai Tsarkin da dangin matata ke riƙewa, ban ga amfanin sa su laluben shafin da babu ba. Muka ɗauki Farawa sura 2, inda aka ce mutum zai bar uwa da uba ya manne wa matarsa, sai 1 Korintiyawa 13 a kan ƙauna, sai auren Kana a Yohanna sura 2. Waƙoƙi kuwa muka zaɓi waɗanda cocin biyu ke rerawa.

Ranar kanta ba ta kai awa ɗaya ba. Shigowa, karatu, wa'azi, sannan tambayoyi uku: ko mun zo da son ranmu, ko za mu ƙaunaci juna mu girmama juna muddin rai, ko za mu karɓi 'ya'ya. Sai alkawari, zobe, addu'o'i da albarkar aure.

Kawunan amarya muka fi damuwa da su, sai ya zama nasu ya fi sauƙi. Matata ta je da kanta ta faɗa musu abin da za a yi daki-daki, ta ce ba wanda zai nemi su durƙusa ko su amsa wata addu'a. Wasu sun shigo sun zauna a gaba, babbansu ya ce shi a wajen liyafa zai same mu, ba mu kuma ja da shi ba. Mun buga 'yar takarda mai shafi guda da ke nuna inda ake tashi da inda ake zama, Fada kuma ya riƙa faɗin abin da ke tafe kafin ya yi shi. Bayan albarka mu da shaidu muka sa hannu a rajista, farish ɗin ya aika sanarwa inda aka yi mini baftisma don a rubuta auren a gefen sunana.