Ƙaiƙayin gero a littafin insha'i

Shekarar da aka fara ba ni aji huɗu, a wata firamaren ƙauye a ƙasar Gumel, na shiga zangon farko da shirin darasin da na kwafo daga wani littafin Turanci. Darasin insha'in siffantawa ne, an ɗora shi a kan lokacin nan da ganyen itatuwa ke rikiɗewa ya yi ja da ruwan ɗorawa ya zube, kamar yadda ake gani a Ingila da Amurka daga Satumba zuwa Nuwamba. Ƙamus ya ce mini sunan lokacin kaka. Mu ma ga mu a bakin kaka, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na zana gida biyar a allo: ido, kunne, hanci, harshe, fata. Na ce kowa ya cike, sannan ya rubuta mini layi goma a kan kaka.

Da dare na zauna da littattafansu, fitila a gefe. "Kaka tana da kyau. Kaka tana da daɗi. Muna cin abinci mai daɗi." Haka har na kusa ƙarewa. Yara uku kuwa tsohuwar gidansu suka siffanta mini, don a rubutun boko kakar amfanin gona da kakar da ta haifi baba duk ɗaya suke. Na yi dariya har na ajiye biro. Amma da na sake karantawa sai dariyar ta tsaya, don duk ajin ba wanda ya kai su. Ɗaya ta rubuta cewa zanen kakarta yana ƙamshin hayaƙi da man shanu, tafin hannunta kuma da kaushi, in tana yi mata kitso har ƙeyarta take jin sa. Ba ta bi gidajena biyar ba. Abin da take kwana kusa da shi ta rubuta.

Gidajen nan biyar ma, daga baya na lura ba da Hausa aka yanka su ba. Bahaushe gani yake yi, sauran duka ji ne: ya ji ƙara, ya ji ƙamshi, ya ji zaƙi, ya ji sanyi, ya ji ciwo. Shi ya sa in na ce da yaro "me ka ji?" sai ya yi tsuru, bai san ko kunnensa nake tambaya ko cikinsa ba. Sai na sauya tambayar: a ina ka ji shi? A hanci, a maƙogwaro, ko a tsakanin yatsun ƙafa? Wannan 'yar tambayar ta fi duk zanen da na yi a allo aiki.

Mako na gaba ban shiga aji da littafi ba. Na zo da zangarniyar sabon gero da aka gasa, wato tumu, da ɗanyar gyaɗa da ƙasarta a jiki, da ɗan ƙaiƙayi a ƙulle a takarda. Na kuma kafa doka: yau "kyau" da "daɗi" sun tafi kasuwar Maigatari, ba za su dawo ba sai an tashi. Kowa ya murje tumu a tafinsa, ya hure, ya watsa a baki. Na ce yaya? Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Da daɗ..." sai suka tuna, aka bushe da dariya. Can wani daga baya ya ce, "Malam, garɗi." Na rubuta. Wata ta ce gefen da wuta ta ci yana ƙauri. Na rubuta. Daga nan sai ka ce an fasa rumbu: bauri, ɗaci, tsami, yauƙi, santsi, laushi, ƙarni, hamami. Wata 'yar shiru-shiru, wadda ban taɓa jin muryarta ba in ba wajen kiran suna ba, ta ce ɗanyen wake gafi gare shi. Ni kaina na yi shekaru ban furta kalmar nan ba, tun barina gida zuwa kwaleji. Allo ya cika, kuma ba kalma ɗaya da ni na kawo. Daga bakin iyayensu mata suka samo su, a gindin murhu da bakin turmi, suna zaton makaranta ba ta son irinsu.

Haka ma kalmomin nan masu ƙarfafa launi da kamanni: fari fat, baƙi ƙirin, jawur, kore shar, sanyi ƙalau, ya bushe ƙayau. A wasa ba sa rabo da su, amma da sun riƙe fensir sai su ɓace. Da na ce a rubuta su, wani ya tambaye ni ko ba za a rage masa maki ba.

Mun ci gaba da abin duk ranar Alhamis, muna bin gona yadda take tafiya. Gero ya shiga gida, aka koma cirar gyaɗa da tsinkar wake, sannan riɗi, sannan zoɓo, dawa ta zo a ƙarshe lokacin da hazo ya fara sauka, leɓuna suka fara tsagewa. Sai dai kaka tana cinye aji. A tsakiyar Oktoba benci kan yi fili, musamman ɓangaren maza, kuma da farko ina jin haushin haka ƙwarai. Akwai yaron da ya yi kwana tara ban gan shi ba. Ranar da ya dawo, ƙarangiya a ƙafar wandonsa, na buɗe baki zan yi faɗa, sai na fasa, na ce ya ba mu labarin inda ya je kafin ya zauna. Ya ce riɗi suka kakkaɓe. Ya ce in an juya damin aka buga shi da sanda, ƙwayar tana zuba a kan tamfol shaaa, kamar yayyafi a kan rufin kwano, kuma in ka dawo gida har cikin kunnenka za ka tarar da ita. Na ce tsaya, rubuta haka, kada ka sauya ko harafi. Ba wai na yarda da fashin makaranta ba ne, har yau ina zuwa wurin iyaye a kansa. Amma yaron nan ya dawo da abin da waɗanda suka zauna a aji ba su da shi, kuma saura ƙiris in kore shi da tsawa.

Wurin da na fi yin ɓarna shi ne jan biro. Yara ba sa sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa, suna haɗe kalmomin da ake rabawa, ni kuma ba na iya ganin kuskure in wuce. Yarinyar gafi ta rubuta mini shafi guda a kan ranar sussuka a gidansu: yadda ƙaiƙayi ke shiga wuyan riga, kana susa yana ƙaruwa, ga ƙura a maƙogwaro, ga taɓare uku suna lugude a turmi ɗaya. Na bi shi na zagaye kuskure goma sha bakwai. Alhamis mai zuwa layi uku ta kawo, ba kuskure ko ɗaya: kaka tana da kyau. Sai da na yi mako biyu ina lallashi, na karanta wancan shafin nata a gaban aji ba tare da na ambaci gyara ba, kafin ta sake sakin hannu. Tun daga lokacin na raba aikin biyu. Ranar rubutu ba na taɓa biro, sai dai in ja layi da fensir a ƙarƙashin jimlar da ta sa na ji wani abu a jikina. Ƙa'idar rubutu tana da tata ranar, Litinin, kuma kuskure uku kawai nake ɗauka a littafi.

Shafin sussukar yana nan a jakata, da zagayen jan birona a jikinsa. Ta rubuta ƙaiƙayi sau huɗu, duka ba lanƙwasa, kuma duk lokacin da na karanta sai na kai hannu wuya.