Shukata da ƙurar Damagaram

Ƙanwata ce ta kawo mini reshen pothos, wata shukar ado mai yaɗo, daga Yamai cikin kwalbar ruwa. Da ya yi saiwa na dasa shi a tukunyar ƙasa ta garin Mirya mai huji a gindi, na ajiye gefen taga inda rana ba ta dukansa. Kullum ina ɗura masa ruwa, wai kar zafin Afrilu ya kashe shi. Ashe ni ce ajalinsa, ganye ya fara yin ɗorawa. Yanzu sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta bushe tukuna.

Da hunturu kuwa, ƙura takan lulluɓe ganyen har mutum ya rubuta sunansa. Ina bin su ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, Inna ta leƙo ta ce, "Ke, duk wannan wahala a kan ganyen da ba ya shiga miya?"